Tara Kuɗi Cikin Nishaɗi: Tambayoyi da Amsoshi ga Ƙungiyoyin Ɗalibai a Kano

Ƙungiyoyin ɗalibai a Kano, daga na sashen karatu zuwa na 'yan gari ɗaya, sukan so su ɗinka wa marayu kayan sallah ko su biya wa majinyaci kuɗin magani, sai dai abin da mambobi ke biya bai cika isa ko na buga takardun sanarwa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da shugabanninsu suka fi yi.

Me zai hana mu rubuta wa masu hali takardar neman taimako kawai?

Babu abin da ya hana, amma takardarku za ta tarar da irinta jibge a gaban attajirin Kantin Kwari ko Singa, kuma sau da yawa amsar ita ce a dawo bayan sallah. Ɗalibin da ba zai iya ba da gudummawar naira dubu biyar ba, shi ne zai sayi awara da zoɓo na ɗari biyar ba tare da ya ji a jikinsa ba, kuma irinsa dubbai ne a Jami'ar Bayero ko Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, domin gayya da ajo duk aiki ne da Bahaushe ya saba haɗawa da raha, a taru a yi nishaɗi kuma buƙata ta biya.

Wace hanya ce ta fi sauƙi ga ƙungiyar da ba ta da jari?

Ranar abincin gargajiya, domin abin da take buƙata yana hannun mambobi. A samu inuwa kusa da ɗakunan lacca, a jera tebura, wata ta kawo kasko ta soya awara a gaban jama'a, wani ya ɗauko gurasa daga cikin gari a yi bandashe da ƙuliƙuli da albasa, a ajiye ɗanwake da mai da yaji a kula, zoɓo da kunun aya kuma a cikin ƙanƙara. Ƙamshin suya kaɗai ya fi kowace sanarwa kiran mutane. Ribar tana wurin sayayya: waken suya daga Dawanau, kayan miya daga 'Yankaba, fulawa da sukari da mai daga Singa, ba a shagon bakin makaranta ba. A ce an kashe naira 60,000 an sayar da faranti 200 a kan 500, to an samu 100,000, ribar 40,000 ke nan, kuma idan iyayen wasu mambobi suka ba da kayan kyauta sai ribar ta ƙaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa rana a makon jarrabawa ko ƙarshen zango, lokacin da aljihun ɗalibi ya bushe. Farkon zango ya fi, tun guzurin gida bai ƙare ba.

Ban da abinci, ɗalibai mata masu iya ƙunshi suna da kasuwa a jajibirin sallah da lokacin bikin kammala karatu, maza kuma suna iya wanke motocin malamai da bokiti da soso.

Akwai wasannin da ke kawo kuɗi?

Akwai, kuma wanda ya fi jan jama'a shi ne ƙwallon ƙafa tsakanin malamai da ɗalibai. Garin da ke cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata don kallon Kano Pillars ba ya buƙatar a roƙe shi ya zo kallon ƙwallo, balle a ce malamin da ya kayar da rabin aji a jarrabawa shi ne zai tsaya a raga. A karɓi ɗan kuɗin shiga, a sayar da ruwa da gyaɗa a gefe. Gasar langa ko dara ko kacici-kacici tsakanin sassa ma tana tafiya, kowane sashe ya biya kuɗin rajista. Haka nan tattaki zuwa Dutsen Dala da safiyar Asabar, inda kowane mai tafiya zai nemo wanda zai ɗauki nauyinsa da wani abu.

Tashe kuwa, wanda ake farawa idan azumi ya kai goma, da ma wasa ne na ban dariya da ake ba masu yinsa kyauta. A wasu shekarun 'yan sanda sun hana shi a titunan Kano saboda ɓata-gari, don haka ya fi dacewa a shirya shi a zauren taron makaranta bayan sallar asham, a tara abin da aka samu don buɗa-bakin mabuƙata.

Za mu iya sayar da tikiti a yi ƙuri'a, wanda ya dace ya tafi da waya?

Shawarata ita ce a bar wannan. Duk inda mutum ya sa kuɗinsa da fatan sa'a ta ba shi abin da ya fi su, malaman addini da yawa suna ɗaukarsa caca ne, kuma kyakkyawar niyya ba ta canza hukuncin. A Kano wannan kaɗai ya isa ya ɓata sunan ƙungiya. Gwanjo yana kawo irin wannan armashi ba tare da shubuha ba: a roƙi kaya kyauta, kamar hula zanna ko turare ko yadin da aka rina a Ƙofar Mata, a samu mai baki ya riƙe lasifika, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Idan wani ya ce gudummawarsa zakka ce fa?

A ware ta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba wa zakka, cikinsu har da fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Ba a buga riguna ko hayar kujeru da ita.

Wa ya kamata a nemi izininsa?

A cikin makaranta, ofishin kula da harkokin ɗalibai, a rubuce, kuma ƙungiyar ta kasance mai rajista. Idan za a fita titi, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa. Inda za a kai taimakon ma a tuntuɓe su tun kafin a yi sayayya, ko Gidan Marayu na Nasarawa ne ko Asibitin Murtala, domin ana iya kai buhunan shinkafa alhali sabulu da magani suka fi buƙata. Hoton majinyaci ko maraya kuwa, kada a ɗauka a watsa a Facebook sai da yardar masu kula da shi.

Yaya za a riƙe kuɗin don kada a yi zargi?

A nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe, domin zargi ɗaya yana iya hana kowa sa hannu a aljihu baɗi. Kuɗi su shiga asusun banki na ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa, kada su shiga asusun shugaba komai amanarsa. A ranar taro mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma duk wanda ya ce ya tura ta waya a duba asusun a tabbatar, saboda alat na bogi ya yi yawa. A ƙirga kuɗin a gaban shaidu kafin a watse. Cikin mako guda a liƙa lissafin a allon sanarwa, a tura shi zauren WhatsApp na ƙungiya, da abin da ya shigo da abin da ya fita da hoton kowane rasit, har da kuɗin adaidaita-sahun da ya ɗauko tukwane.