Jarumi mai ƙarfin da ya wuce kima a fanfik

Jarumi mai ƙarfin da ya wuce kima, wanda masu karatu a intanet suke taƙaitawa da OP (daga kalmar Turanci overpowered), shi ne wanda marubuci ya tara masa baiwa da sihiri kala-kala har ya zamana ba abin da zai iya tsaya masa a cikin labarin. An fi ganin wannan a fanfik, wato labaran da masoyan wani fim ko littafi ko anime suke rubutawa da kansu suna aron duniyar labarin da mutanen cikinta, irin waɗanda suka cika FanFiction.net da aka buɗe a 1998 da Wattpad na 2006 da Archive of Our Own. Dalilin ma a fili yake, mai fanfik son jarumin ne ya sa shi fara rubutun tun farko, kuma ba edita a kansa da zai ce masa kai ya isa haka.

Abin ya daɗe. A 1973 wata mai suna Paula Smith ta rubuta ɗan gajeren labari na shaguɓe a wata mujallar masoyan Star Trek, shirin talabijin na matafiya a jirgin sararin samaniya, jarumarta Mary Sue yarinya ce ƴar shekara 15 da rabi wadda ta fi kowa komai a jirgin, kowa kuma sonta yake. Sunan ya bi irin waɗannan jarumai har yau, in namiji ne a ce Gary Stu. Sai dai ba kowane OP ne Mary Sue ba, ita Mary Sue har duniyar labarin lanƙwasa mata take yi, shi kuwa OP ƙarfi ne kawai ya yi masa yawa.

Inda baiwa da yawa ke ɓata labari shi ne kowacce tana toshe ƙofar da matsala za ta shigo. A ce yarinya ce mai layar zana, tana karanta zuciyar mutane, tana sarrafa wuta, raunin jikinta kuma yana warkewa nan take. Aka kulle ta a ɗaki sai ta ƙona ƙofar, aboki ya shirya cin amanarta ta riga ta ji tun yana saƙawa a ransa, aka soke ta da wuƙa kafin jinin ya kai ƙasa wurin ya haɗe. To me ya rage da mai karatu zai ji wa tsoro? Babi na uku ma ba zai kai ba ya rufe.

Gyaran da ya fi aiki shi ne a sa wa kowace baiwa kuɗin fansa. Ita dai wannan yarinyar, in ya zama duk lokacin da ta shiga zuciyar wani sai ta rasa wani abu daga nata tunanin, yau sunan ƙawarta gobe fuskar mahaifiyarta, to ranar da ta tsaya gaban wanda take zargi hannunta na rawa tana lissafin ko sanin gaskiyar ya kai abin da za ta rasa, nan labari ya samu. Brandon Sanderson, marubucin Amurka, ya yi bayanin irin wannan a dokokinsa na sihiri, ta biyun tana cewa iyakar baiwa ta fi ita kanta baiwar muhimmanci. Wasu kuma sukan mayar da baiwar duka tushe ɗaya, kamar rijiya guda ce ake ɗiba, in ta ƙona ƙofa ba sauran ƙarfin warkar da rauni.

Akwai kuma lago. Na Superman shi ne kowa ya sani, dutsen kiriftonait mai karya masa ƙarfi wanda ya fara fitowa a shirin rediyo a 1943, kuma duk da haka sai da kamfanin DC mai buga labaransa ya rage masa ƙarfi a 1986 da marubuci John Byrne ya sake labarin daga tushe. Lago irin na dutse yana saurin gundura gaskiya, dan in kowane mugu yana yawo da shi a aljihu ya tashi daga lago ya koma abin dariya.

Hanyar da masu karatu suka fi tsana ita ce a mayar da jarumin sakarai da gangan, wanda jiya ya tashi sama yau ga shi yana gudu a ƙasa ana binsa dan kawai marubucin na so a kama shi. Ƙanwarta ita ce ƙara wa mugaye ƙarfi babi bayan babi har a wayi gari ana fasa duniyoyi ba wanda ya damu.

Wasu marubutan ma ba sa rage komai, suna barin jarumin da ƙarfinsa sai su kawo abin da ƙarfi ba ya magancewa, kamar mutum biyu na neman ceto lokaci guda a wuri biyu, ko jama'ar da ya ceta su koma tsoronsa. A Archive of Our Own irin waɗannan labaran sukan zo da tag ɗin OP, wato alamar da ke nuna irin labarin, a sama ƙarara, wanda ya danna ya san abin da ya shigo karantawa.