Maratayin wuƙar bindiga da ke akwatin kaka: tambayoyi da amsoshi

Matasa a Aboabo da sauran zangunan Kumasi kan kawo mini wani ɗan abu da suka tsinta a akwatin kakansu, tsohon soja, suna tambaya ko tsumma ne. Ga abin da nake faɗa musu.

Mene ne shi?

Shi ne ke riƙe kuben wuƙar bindiga a jikin bel ɗin soja, ta gefen hagu. Turawan Ingila na kiransa da sunan kwaɗo. Wuƙar takan ɓata ko a karɓe ta bayan sallama, amma shi yakan saura maƙale da bel.

Ta yaya zan san zamaninsa?

Fara da faɗin madaukin da bel ke shiga. Kayan sojan Ingila samfurin 1908, na saƙar auduga mai kauri, bel ɗinsu inci 3 ne, kuma maratayin na da ɗan igiya a baya inda ake ɗaura ƙotar ƙaramar diga. Na samfurin 1937 ya fi siranta, bel ɗinsa inci 2 da kwata. Wannan na biyun ne aka fi gani a gidajenmu, domin zamanin yaƙin Bama ne, a yaƙin duniya na biyu, lokacin da rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma suka tafi da iyayenmu. Idan ka ga an tsaga madaukin sama kamar gidan maɓalli, an gyara shi ne don kuben gajeriyar wuƙa mai kama da ƙusa ta bindiga Lee-Enfield lamba 4, ba doguwar wuƙa samfurin 1907 mai inci 17 ba.

Sai ka juya bayansa a hasken rana. Akan samu tambarin tawada: sunan masaƙa, kamar M.E. Co., da shekara, da alamar kan kibiya da ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Wani lokaci har da lambar sojan, an rubuta da hannu. Wannan lambar, a ganina, ta fi komai daraja a jikinsa.

Akwai na jabu?

Akwai, ana ɗinka sababbi don masu shirya fim. Tawadarsu baƙa ƙirin, zaren bai ci jiki ba.

In wanke shi?

Don Allah kada ka yi. Sabulu na goge tambarin, kuma launin da ke jikinsa hodar Blanco ce da mai shi ya shafa da hannunsa kafin fareti. Goge ƙura da buroshi mai laushi ya isa. Idan na fata ne, kada baduku ya sake ɗinkin, kada a shafa masa man kaɗe. Danshin Kumasi na kawo fumfuna, saboda haka a naɗe shi a farin ƙyalle, ba leda ba.

Ina zan gwada nawa da wani?

Je ka gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Turawa a Adum, ka duba kayan yaƙin duniya na biyu. Tafi da hoton kaka sanye da kaki in akwai, da takardar sallamarsa, ka gwada lambar da ke cikinta da wadda ke bayan maratayin.