Gwanjon sunayen adireshin intanet na ƙasa

Gwanjon sunayen adireshin intanet na ƙasa hanya ce da hukumar rajistar wata ƙasa ke bi wajen ba da sunan da mutane da yawa ke rububi: a bar kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. Sunayen da ake magana a kansu su ne masu ƙarewa da wutsiyar ƙasa, wato haruffa biyun nan na ƙarshen adireshi, kamar .ng ta Nijeriya, .ne ta Nijar da .gh ta Gana. A adireshin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, abu.edu.ng, wutsiyar ita ce ng, edu kuma rukunin manyan makarantu ne. Galibi daga jadawalin lambobin ƙasashe na duniya, ISO 3166-1, ake ɗauko haruffan wutsiyar.

Matsayin hukumar rajista

A takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 1591 ta shekarar 1994, Jon Postel, wanda ke kula da rabon wutsiyoyi a lokacin, ya bayyana mai kula da wutsiya a matsayin wanda aka ba amana domin ya yi wa al'umma hidima, ya kuma nuna cewa batun mallaka bai dace da wannan aiki ba. Daga nan maganar bin diddigi ta samo tushe. Wanda ke sayar da kayansa ba sai ya yi wa kowa bayani ba, amma wanda ke sayar da kayan amana dole ya nuna yadda aka yi cinikin da inda kuɗin suka shiga.

Akwai kuma giɓi a tsarin. Wutsiyoyi irin su .com suna ƙarƙashin kwangilar ICANN, ƙungiyar da ke daidaita sunayen intanet a duniya, waɗanda na ƙasashe kuwa galibi kowace ƙasa ce ke tsara dokarta, don haka mai ƙorafi a cikin gida zai nemi hakkinsa. A Nijeriya ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da .ng. An kafa ta a 2005 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, kuma tana aiki ne ta hannun dillalan rajista da ta amince da su. Mai shago a Sabon Gari ko Tudun Wada wurin dillali yake sayen suna, ba ya zuwa wurin hukumar kai tsaye.

Sunayen da ke shiga gwanjo

Yawancin sunaye ba a gwanjonsu, wanda ya riga zuwa shi ke samu a farashin kowa da kowa. Waɗanda ke shiga su ne gajeru masu harafi ɗaya ko biyu da aka daɗe da killacewa, da kalmomin kasuwa masu farin jini, da sunayen da wa'adinsu ya ƙare mai su bai sabunta ba.

Na ƙarshen nan sun fi kawo rigima. A tsarin .com, suna yakan samu rangwamen da ya kai kwana 45 bayan ƙarewar wa'adi, sai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, sai kwana 5 na jiran gogewa. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan da 'yan sauye-sauye. A daƙiƙar da aka saki sunan, kwamfutocin dillalai kan yi ta aika buƙata babu ƙaƙƙautawa, mai layukan sadarwa da yawa da saba (babbar kwamfutar da ke aika buƙatun) mafi kusa da hukumar shi ke cafkewa. Haka aka gani a Jamus a watan Oktoban 2009, lokacin da DENIC, hukumar da ke riƙe da .de, ta saki gajerun sunaye bisa tsarin wanda ya riga, bayan kotu ta ba kamfanin Volkswagen gaskiya kan vw.de. Nominet, mai riƙe da .uk ta Birtaniya, gwanjo ta yi wa nata gajerun sunayen a 2011, ta miƙa kuɗin ga asusunta na jinƙai. Estoniya kuma tun 2019 gwanjon rufe, wato na tayi a ɓoye, take yi wa sunayen .ee da suka faɗi, don a daina tseren na'ura.

Salon tayi

A gwanjon fili kowa na ganin tayin da ke sama, yana ƙarawa har a rasa mai ƙari. A gwanjon rufe kowa tayi ɗaya yake ajiyewa a ɓoye, sai an rufe a buɗe. Akwai wani reshe na gwanjon rufe da William Vickrey ya yi bayaninsa a 1961, inda mai nasara ke biyan tayin na biyu. A ɗauka masu sana'ar fata uku a birnin Zariya suna son suna ɗaya, suka taya naira 400,000 da 250,000 da 180,000. Na farko ne zai ɗauka, amma 250,000 zai biya. Amfanin salon shi ne mutum ya rubuta ainihin darajar sunan a wurinsa. Rauninsa kuwa babba ne: idan mai gwanjon ya leƙa ambulan, zai iya cusa tayin bogi na 390,000, kuma mai nasara ba shi da yadda zai gane.

Inda ake cin amana

Tsohuwar cuta ita ce wadda malaman fiƙihu ke kira najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don kawai wani ya biya da tsada. Hadisi ya hana shi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san yadda ake ɗaga gira tsakanin dillali da yaronsa. A intanet ma girar ba a gani. A 2009 kamfanin SnapNames na Amurka, mai gwanjon sunayen da suka faɗi, ya amsa cewa wani ma'aikacinsa ya shafe shekaru yana tayi da sunan ƙarya, har sai da kamfanin ya yi tayin mayar wa abokan cinikinsa kuɗi. Shi ya sa ƙa'ida mai kyau ke hana ma'aikata da 'yan kwamitin gudanarwa da iyalansu da kamfanin da ya rubuta manhajar gwanjon shiga tayi.

Na biyu shi ne mai kuɗi a bayan labule. A gwanjon .web na ICANN a 2016, ƙaramin kamfani Nu Dot Co ya yi nasara da dala miliyan 135, daga baya ta fito cewa Verisign, mai riƙe da .com, ce ta ba da kuɗin, aka kwashe shekaru ana shari'a. Ba wutsiyar ƙasa ba ce, amma ta nuna dalilin tambayar kowane mai tayi wanda ke tsaye masa.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata ciniki. Mai nasara ya ƙi biya, wanda maganinsa kafin alƙalami ne, da rubuta tun farko ko na biyu zai gaji sunan ko a sake gwanjo. Sai masu jefa tayi a daƙiƙar ƙarshe, wanda ake dakilewa da ƙara 'yan mintuna duk lokacin da sabon tayi ya shigo dab da rufewa. Wannan ƙarin yana da muhimmanci ga mai tayi daga Zariya, wanda ɗaukewar wuta ko sanyin netwok ka iya cinye masa minti biyu. Sai kuɗin sabuntawa: wasu sunaye na musamman tsadarsu kowace shekara ce, kuma mai saye ba ya lura sai takardar biya ta iso.

Akwai abin da ke faruwa tun kafin a buga ƙararrawa, wato zaɓen sunayen. Wa ya yanke cewa wannan kalma ta gwanjo ce, waccan kuma a ba wani a farashin yau da kullum? Sunayen masarautu da garuruwa irin su Zazzau sun fi dacewa da jerin killatattu, kada su faɗa hannun wanda kawai ya fi kowa kuɗi.

Abin da ya kamata a buga

Kafin gwanjo: jerin sunaye, mafi ƙarancin farashi, ranar buɗewa da rufewa da agogon da za a bi, sharaɗin shiga, da hanyar ƙorafi. Bayan gwanjo: yawan masu tayi, farashin ƙarshe, da duk tayin a jere da lokacinsa, a sakaya sunayen mutane da lambobi, tunda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta taƙaita fallasa bayanan mutum. A gwanjon rufe ana iya ba kowane mai tayi tambarin lissafi na SHA-256 na tayinsa, wato jerin lambobi da haruffa da ke sauyawa da zarar an taɓa tayin, a kuma buga dukkan tamburan kafin buɗewa, ta yadda ba za a iya cusa sabon tayi ko sauya tsoho ba tare da an gane ba. Kundin sabar kuma mai bincike na waje ne zai duba shi.

Kuɗin gwanjo layi na daban suke buƙata a rahoton shekara, domin kuɗin da sunaye ke kawowa ba ƙanana ba ne: tsibirin Angila ya samu kusan dala miliyan 32 daga sunayen wutsiyarsa ta .ai a 2023. Inda mambobi ke da ƙuri'a, sukan yi amfani da ita. A watan Maris na 2021 mambobin Nominet suka kaɗa ƙuri'ar cire daraktoci biyar, har da shugaban kwamitin, kan ƙorafin cewa albashin manya na hawa alhali kuɗin da ake ware wa al'umma na raguwa.