Ba Sai Ya Daina Allura Ba Kafin a Ba Shi Maganin Kariya Daga Ƙanjamau

Akwai maganin da mutumin da ba shi da ƙwayar cutar HIV zai riƙa sha, ta yadda ko da ƙwayar ta shiga jininsa ba za ta samu wurin zama ba. A asibiti PrEP muke kiransa. Ya daɗe da fitowa: Amurka ta amince da shi tun 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2015 cewa a riƙa ba duk wanda ke cikin babban haɗarin kamuwa. Amma a aikina na wayar da kai a unguwannin Kaduna, waɗanda na fi yi wa fargaba, wato masu yi wa kansu allurar kayan maye, su ne da yawansu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Mutanen nan ba kaɗan ba ne. Binciken shaye-shaye na ƙasa da aka yi a 2018, da hannun Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 80,000 ne ke yi wa kansu allura a Najeriya, kuma magungunan kashe zafin ciwo na asibiti ne kan gaba a abin da suke ɗurawa. Mu nan da an ce "penta", wato allurar kashe zafin ciwo mai suna pentazocine, an san abin da ake nufi. Kuma ba kowa ne ya faro daga majalisar banza ba. Akwai mai ciwon sikila da aka riƙa yi masa allurar saboda azabar ciwo har jikinsa ya saba, akwai wanda ya yi hatsari a hanya, akwai matar aure da ta fara bayan tiyata. A shekarar 2018 ɗin dai, binciken ƙasa kan yaɗuwar HIV mai suna NAIIS ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV a ƙasar nan. A tsakanin masu allura kuwa, wani bincike na 2020 ya samu kusan kashi 11 cikin ɗari.

Dalilin a fili yake. Idan mutum ya ja jini cikin sirinji don ya tabbatar ya samu jijiya, ɗan jinin da ido ba ya gani yana maƙalewa a ciki. Na biyu da ya karɓa, kai tsaye cikin jijiyarsa yake turawa. Haka ma ruwan da ake kurkure sirinji, da murfin kwalba ko cokalin da ake haɗa ƙwaya a ciki. Wanke allura da ruwan leda ba ya kashe ƙwayar cutar. Kuma cutar ba a ɗakin da ake allurar take tsayawa ba, gida take bin mutum, ta kama matarsa, daga nan ta iya kaiwa ga jaririn da za ta haifa.

Shin maganin yana aiki ga mai allura? An gwada. A birnin Bankok na ƙasar Tailan an bi mutum sama da 2,400 masu allura na tsawon shekaru, aka fitar da sakamako a 2013. Waɗanda aka ba maganin, kamuwarsu ta ragu da kusan rabi. Da aka ware waɗanda gwajin jini ya nuna da gaske suna sha, raguwar ta kai kusan kashi 74 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a wannan binciken shi ne inda aka ajiye maganin: a cibiyoyin kula da masu shaye-shaye, wurin da mutanen suka riga suka saba zuwa, kuma da yawansu a gaban ma'aikaci suke haɗiyewa. Mu kuwa mun ajiye namu a sashen masu ƙanjamau, muna jiran wanda ke gudun idon jama'a ya biya kuɗin keke daga Rigasa ko Kakuri, ya zo ya zauna a layi tun safe, jikinsa na karkarwa saboda bai samu abin da ya saba ba.

Nan ne nake da magana da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya. Na sha jin ana ce wa yaro, "Ka je ka daina tukuna, sannan ka dawo." Wannan ba ya cikin ƙa'idar ba da maganin. Barin allura abu ne na watanni ko shekaru, mutum ya daina ya koma, ya sake dainawa, ita kuwa cutar dare ɗaya ya ishe ta. Wanda muka kora yau, idan ya dawo bayan shekara biyu, maganin sha har ƙarshen rai za mu ɗora shi a kai. Kallon da muke yi wa tabon hannunsa, da kiran sunansa da ƙarfi a gaban mutane, da tambayar "ɗan gidan wa ne kai?", duk suna korar mutane fiye da nisan hanya. Yana tsoron ma ko za mu haɗa shi da NDLEA. Sai mun buɗe baki mun faɗa masa cewa abin da ya gaya mana sirri ne, sannan mu riƙe amanar. Kuma gara mu riƙa tafiya tare da waɗanda suka taɓa yin harkar suka bari, domin sun san lungun, sun san lokacin da ake samun mutane, kuma maganarsu ake ji.

Kai kuma ƙanina da abin ya shafa, ga yadda lamarin yake. Za a fara yi maka gwajin HIV, domin maganin na wanda ba shi da cutar ne. Idan mai cutar ya sha shi kaɗai ba tare da ya sani ba, ƙwayar na iya bijire wa magani. Akan duba lafiyar ƙoda da ciwon hanta nau'in B. Ƙwaya ɗaya ce kullum, kuma ba ranar farko take fara kare ka ba, sai ka yi aƙalla mako guda kana sha ba fashi. Wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon kai a farkon fari, yawanci yana wucewa cikin 'yan makonni. Ƙwayar PrEP ba ta rage maka ƙarfin kayan mayen da kake sha, ba ta ƙara shi, don haka babu dalilin ɓoye wa ma'aikaci gaskiya. Duk wata uku za ka koma a sake gwaji. In kana da ciwon hanta nau'in B, kada ka yanke maganin da kanka, domin hantar na iya tashi.

Na san ranakunka ba su da tsari, yau ka kwana gida, gobe a tasha. Ka haɗa shan ƙwayar da abin da ba ka fashinsa, ko shayin safe ne. In kana tsoron a ga kwalbar a ce kana da ƙanjamau, faɗa wa ma'aikaci ku nemi dabara tare. Yanzu ma akwai na allura: wanda ake yi duk wata biyu, da wani mai suna lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2025. Ka tambaya ko ya iso inda kake zuwa.

Sai dai PrEP daga HIV kaɗai yake karewa. Ba ya hana ciwon hanta nau'in C, wanda ya fi HIV saurin bin allura, ba ya hana gyambo da ruɓewar tsoka, ba ya hana mutuwa idan kayan maye suka yi wa mutum yawa. Saboda haka sabuwar allura da sabon sirinji kowane lokaci, kada ka karɓa, kada ka bayar, kuma kwaroron roba yana nan da amfaninsa. Ranar da ka ji kana son dainawa, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana kula da masu wannan matsala.

Iyaye da matan aure, na san zuciya na cewa ba shi wannan magani kamar ɗaure masa gindi ne. Ku duba dai: yaron da ke zuwa asibiti duk wata uku ya fi kusa da hanyar dainawa fiye da wanda ya ɓace a kango. Uwargida da ta san maigidanta na allura, ita ma tana iya shan maganin, ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Limamai da fastocinmu, kalma ɗaya ta tausayi daga bakinku tana sa uba ya riƙo hannun ɗansa ya kawo shi.

Tun da Amurka ta rage tallafin da take bayarwa a farkon 2025, samun maganin ya yi tangarɗa a wurare da dama. In ka je wuri ɗaya babu, ka nemi a tura ka wani asibitin gwamnati mai sashen HIV, ko ka tuntuɓi KADSACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha. Idan kuwa jiya ko shekaranjiya ka yi amfani da allurar wani, akwai maganin gaggawa mai suna PEP da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika. Ka tafi yau, ka ce wa ma'aikacin farko da ka gani PEP kake nema.