Daga Maradi, Ina Za a Nufa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Wuraren Zuwa a Duniya

Duk shekara sai an fito da jerin wuraren da aka ce sun fi ko'ina daɗin zuwa a duniya, Paris a sama, sai Roma, sai wani tsibiri mai farin rairayi. Masu rubuta irin wannan jeri fasfonsu daban ne da namu, kuma rana da zafin da suke biyan kuɗi su je su sha, mu a nan a watan Afrilu inuwa muke nema mu ɓoye musu. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ake yi mini ne a fada da cikin kasuwa, na amsa su da ma'aunin mutumin Maradi.

Wace ƙasa ce ta fi samun baƙi, kuma mu ma can ya dace mu fara?

Faransa ce, da baƙi kimanin miliyan 100 a shekarar 2024, Sifen na biye da ita da kusan miliyan 94. Amma yawan masu zuwa wuri ba ya nufin ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Kuɗin neman bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ne, wajen jika 59 ke nan na sefa, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai ma an rufe shi tun Janairun 2024. In dai Turai ce ta shiga ran mutum, ni kudancin Sifen zan nuna masa, ƙasar Andalus, ya ga masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra a Garnaɗa, inda mulkin Musulmi ya ƙare a 1492. Ya fi hoto a gindin hasumiyar ƙarfe ta Paris.

Ina so in kai mahaifiyata Umra, ga ta da ciwon gwiwa. Yaushe ya fi?

Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Ka duba yanayi tun kafin ka duba farashi. A Hajjin 2024, wanda ya faɗo a watan Yuni, zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum sama da 1,300 sun rasu. Ga tsohuwa, tsakanin Disamba da Fabrairu ya fi sauƙi, sai dai ka saka mata bargo da rigar sanyi, don Madina da asuba a wannan lokaci ba ta da wasa. Goman ƙarshe na azumi lada ne mai yawa, amma nan ne cunkoso da tsadar masauki suke kai ƙarshe, kuma mai ciwon gwiwa za ta sha wuya.

Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi. Akwai keken turawa a Harami, kada Hajiya ta ji kunyar hawa. Tsakanin Makka da Madina kuma, tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke cinye kilomita 450 cikin awa biyu da ɗoriya, tafiyar da mota ke kwashe rabin yini a kanta. Shiga Rauda sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk, ka nema mata da wuri.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne masauki. Wani ajans ya taɓa ce mana otal ɗinmu "ga Harami ga shi", da muka isa sai ga mu muna jiran mota kafin kowace salla, tsofaffinmu da yawa a ɗaki suka riƙa yin Azahar da La'asar. Ka sa a rubuta maka sunan otal, ka duba nisansa a taswirar waya kafin ka ba da kuɗi.

Ni fatauci ne zai fitar da ni. Dubai, Sin ko Turkiyya?

Alhaji, jarinka ne zai amsa wannan. Dubai kasuwar tsakiya ce: yawancin wayoyi, agogo, turare da kayan lantarkin da ke shagunan Deira daga wani wuri aka kawo su, musamman Sin. Amfaninta shi ne ka sayi kaɗan-kaɗan iri-iri, ka ga kayanka da idonka, ka gama cikin mako guda, kuma a unguwar Naif ba za ka rasa mai jin Hausa ba. Mai ƙaramin jari da mai harkar zinare, nan ne wurinsu. Doguwar hasumiyar Burj Khalifa mai mita 828 kuwa, ka gan ta ranar da ka gama ɗaure kaya.

Wanda zai cika kwantena, ya tafi tushe. A birnin Gwanzu na Sin ake baje kolin Kanton, wanda aka fara tun 1957, sau biyu a shekara: Afrilu zuwa farkon Mayu, da Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kashi uku ake yin sa, kowanne da kayansa. Na farko injuna da kayan lantarki, na biyu kayan gida da na gini, na uku tufafi, takalma da kayan asibiti. Mai neman yadi da ya sauka a makon injuna ya yi asarar kuɗin otal. Ƙananan kaya irin su kwado, tocila, ƴan kunne da kayan wasan yara, garin Yiwu ne gidansu. Kada ka kuskura ka je lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi ma'aikata su koma ƙauyukansu makonni. WhatsApp da Facebook ba sa aiki can yadda ka saba, WeChat ake amfani da shi, ciniki da biyan kuɗi duka ta waya. Abinci ba matsala ba ne, unguwar Xiaobei cike take da ƴan Afirka da gidajen taliya na Musulmin Sin.

Santambul kuma ta masu neman inganci ce: abaya, kayan yara, takalma, labule da kayan ɗaki, a unguwannin Laleli da Merter. Ta fi Sin tsada, amma Hajiyoyin da ke haɗa kayan aure sun san dalilin da ya sa ake tambayar "na Turkiyya ne?" kafin a taya. Ita ce kuma a cikin ukun nan za ka haɗa ciniki da ziyara ba tare da wahala ba: Aya Sofiya da aka gina a 537 aka sake mayarwa masallaci a 2020, da kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari.

Duk inda ka zaɓa, lissafin bai ƙare a bakin shago ba. Tun bayan 2023 da hanyar Kwatano ta rikice, kaya da yawa ta Lome suke zagayowa, kuɗin mota da kwanakin hanya sun ƙaru. Ka sa wannan a lissafi tun kana Maradi.

Ga mai son tarihin Musulunci da ziyarar malamai fa, bayan Makka da Madina?

Allah gafarta Malam, nan kam zaɓi ya yi yawa. Alƙahira ce farko: Azhar da aka gina tsakanin 970 da 972, masallacin Amru bin Asi wanda shi ne na farko a Masar, da kabarin Imamu Shafi'i. Dalar Giza na bakin gari, babbar cikinsu ta kai shekara 4,500 a tsaye, mutum ya je ya ga abin da fir'aunoni suka bari.

Amma wurin da na fi so mutumin Maradi ya gani shi ne Fas, a Maroko. Can ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, da masallacin Ƙarawiyyin da wata mace, Faɗimatul Fihriyya, ta kafa a 859. Ka shiga masallaci ka ji liman na karatun Warshu, ka buɗe Alƙur'ani ka ga rubutu ɗan'uwan na allonmu, mazhabar kuma ta Maliku ce, sai ka ji kamar ba ka bar gida ba. Sannan ka sa a kai ka majemar garin, ka toshe hanci da ganyen na'ana'a kamar yadda ake ba baƙi. Fatar da Turawa suka daɗe suna ɗaure littattafai da ita suna kiranta fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ayari ke ƙetara Sahara da ita, fatar jar akuya ce irin ta Sakkwato da Maradi. Akuyar da ke cin ƙaiƙayi a bayan gidanku, kakanninta sun riga ka zuwa.

Ƴan Faila ba sai an gaya musu Kaulaha ta Senegal ba, Madina Baye ta Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975, inda lokacin Maulidi Hausa ke tashi ta ko'ina kamar kana Kano. Mai ƙarfin aljihu kuma da ke karantar da hadisi, akwai Uzbekistan: Imamu Bukhari a wani ƙauye kusa da Samarƙandu aka binne shi a 870.

Mun kusa aure, muna son wurin hutawa da ba za mu ji kunyar kai amarya ba.

Zanzibar, ƙanena. Tsibiri ne na Tanzaniya, mafi yawan mutanensa Musulmi, abinci halal, ana jin kiran salla, ga teku ga gonakin kanumfari. Daga Darussalam awa biyu ne a jirgin ruwa. Za ku yi dariya in kun ji suna cewa "sabuni", "habari" da "dunia". Ku guji Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi. In kuɗi sun ƙaru, Malesiya. In kuma ba su kai ba, a sayi firiji, amarya ba za ta yi fushi ba.

Yarana namun daji suke son gani, ba a talabijin ba.

Wanda ya fi ko'ina suna shi ne dajin Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara na Kenya, inda wata dabba mai kama da tsakanin ɓauna da gwanki ke ƙaura, sama da miliyan guda, suna tsallake kogin Mara cike da kadoji tsakanin Yuli da Oktoba. Ya zo daidai da babban hutun ƴan lakkol, sai dai tsada gare shi ƙwarai.

Abin da mutane ba su cika lura ba, raƙumin dawan Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya saura. A 1996 guda 49 suka rage, kiyayewa ta sa suka haura 600. Yawancinsu na yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, a 2018 kuma aka kwaso takwas zuwa gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jiharmu. Sai dai a Kure ne aka kashe mutum 8 a watan Agustan 2020, don haka ba a ɗaukar yara a kama hanyar daji sai an tambayi jami'an gandun daji halin da ake ciki a makon. Haka ma Yankari ta Bauci, mai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki.

Wanda ba shi da kuɗin jirgi, shi ke nan ya haƙura?

Ina! Tafkin Madarunfa bai kai kilomita 30 daga nan ba, da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa, amma akwai waɗanda suka je Dubai sau biyar ba su taɓa taka bakinsa ba. Damagaram kilomita 240 ce, ga fadar Sarki ga tsohuwar unguwar Birni. Agadas na da hasumiyar laka mai mita 27, tsohon garin kuma UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Katsina ba ta kai kilomita 100 ba, kuma ga Bakatsinen Maradi zuwa can komawa tushe ne, tunda daga can sarautarmu ta taso bayan jihadi. Ka ga hasumiyar Gobarau, ka wuce Daura ka sha ruwan Kusugu, ka ƙarasa Kano ka ga Kurmi da marinar Ƙofar Mata. In ka dace da Hawan Daushe, ka ga abin da baƙi ke tasowa daga wata uwa duniya su kalla.

Wace takarda zan fara nema, kuma daga ina zan tashi?

Fasfo, kuma ka duba kwanan watansa, don ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata shida ya ƙare. Sai katin rigakafin shawara, mai zuwa Saudiyya kuma ya ƙara da na sanƙarau. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasar har sai ta sanar da wani abu daban. Dokar biza kuwa tana iya sauyawa cikin dare guda, saboda haka ofishin jakadancin ƙasar za ka tambaya kafin ka sayi tikiti, kada ka dogara da wanda ya je bara. Wanda ya ce zai kai ka aiki Dubai ko Saudiyya da bizar ziyara ko ta Umra, ka riƙe kuɗinka: ranar da ta ƙare ka zama ɗan ɓuya, tara na hawa kanka kullum.

Wurin tashi biyu ne. Yamai kimanin kilomita 660 ce, yini guda a kar, daga filin Diori Hamani kuma akwai jiragen Habasha, Turkiyya da Maroko. Kano ba ta kai kilomita 300 ba ta Ɗan Isa da Jibiya, akwai jiragen Habasha da Masar. Ka kwatanta farashin biyun, ka haɗa da canjin naira, ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanyar Jibiya. In ta Kano za ka bi, ka tsaya a buga maka hatimin fita da na shiga a kan iyaka, don a filin jirgi za a nema, kuma ka isa kwana guda kafin ranar tashi.