Mene ne TMJ, kuma me ya haɗa muƙamuƙi da ciwon kai?

Ɗora yatsa a gaban kowane kunne, sannan ka buɗe baki a hankali. Za ka ji wani ƙashi ya motso gaba a ƙarƙashin yatsanka. Wannan gaɓar ce likitoci suke taƙaita sunanta da TMJ, wato mahaɗar muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Guda biyu ce, dama da hagu, kuma ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. A tsakanin ƙasusuwan akwai wani ɗan faifan guringuntsi da ke hana su gugar juna. Za ka ji mutum ya ce "ina da TMJ", alhali kowa ma yana da ita. Ciwon da ke kama gaɓar, ko tsokar da ke motsa ta, TMD ake ce masa, kuma ya fi samun mata fiye da maza.

To ina ruwan muƙamuƙi da kai? Dafa gefen goshinka, tsakanin ido da kunne, ka cije haƙora. Abin nan da ya kumburo tsokar tauna ce, shimfiɗe take kamar mafici a gefen kai, ta gangaro ta kama muƙamuƙi. In ta yi aiki ya wuce ƙima, a kai ake jin ciwonta. Ga shi kuma babbar jijiya ɗaya ce, mai rassa uku, take kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi daga goshi da kumatu da haƙora da gaɓar kanta. Shi ya sa ciwon kan ɓad da sawu, ya bayyana a kunne ko a bayan ido. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, James Costen, ya yi bayanin haka tun 1934, ya ɗora laifin a kan zubewar turamen haƙora. Daga baya aka gane cewa gajiyar tsoka, da damuwa, da cizon haƙora, musamman cikin barci, sun fi ba da gudummawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai wannan ciwo yake shafe watanni yana haɗiyar farasitamol, yau a ce zazzaɓin cizon sauro ne, gobe a ce taifot, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake ji in yana tauna. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ciwon yana ƙaruwa da tauna ko hamma ko doguwar magana. Mutum kan farka da asuba muƙamuƙinsa a gajiye kamar ya kwana yana cin ƙashi. In an danna gefen goshi ko kumatu, sai ainihin ciwon kan da ya saba ji ya taso. Wani bakinsa ba ya buɗuwa ya ɗauki yatsu uku a jere, wanda shi ne ma'aunin mai lafiya. Ƙarar "ƙas" kawai, ba tare da zafi ba, ba ta bukatar magani.

Maganin farko shi ne hutu. A ajiye cingam da goro da rake da kilishi da aya na mako biyu ko uku, a koma kan tuwo mai laushi, fate, kunu, ƙwai, dankali. Goro ma laifinsa biyu ne: ga tauri, ga sinadarin hana barci da ke iya ƙara cizon haƙora da dare. Buɗe kwalba da haƙori kuwa, a bar shi har abada. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi a gasa kumatu da gefen goshi minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, a bi da tausa a hankali. In hamma ta zo, a tallafe haɓa da hannu. A daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta fi duk waɗannan amfani, ga ta kuma kyauta: leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe, harshe a kwance a ganɗa. In ba ci ko haɗiya ake yi ba, bai kamata haƙoran sama su taɓa na ƙasa ba. Duba naka yanzu. Mutane da yawa a cije suke yini, a bakin aiki ko a cunkoson motoci, ba su sani ba.

Ibuprofen yana taimakawa na 'yan kwanaki, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda da mace mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da wani ciwon kan. In makonni sun wuce babu sauƙi, a je wurin likitan haƙori. Yana iya auna bakin ya yi robar da ake kwana da ita a kan haƙora. Sai dai kada a yi saurin yarda a goge haƙora ko a cire su ko a yi tiyata, domin abin da aka cire ba ya dawowa, kuma yawancin masu ciwon suna samun sauƙi ba tare da an kai ga haka ba.

Amma fa ba kowane ciwon muƙamuƙi ne TMD ba. In ya zo da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ake tuhuma. In wanda ya haura shekara 50 ne, taunar tana gajiyar da shi, gefen goshinsa na zafi, ganinsa na dushewa, yana iya rasa idon. In baki ya ƙulle bayan jin rauni, ana jin tsoron tetanos. Waɗannan ukun asibiti ake nufa da su nan take, ko da tsakar dare ne.