Iskar bola da samar da lantarki

Iskar bola ita ce gas ɗin da ke fita daga juji idan ragowar abinci, takarda da ganyaye suka ruɓe a can ƙasa, inda iskar shaƙa ba ta kaiwa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke wannan aiki, suna fitar da iskar da kusan rabinta metan ce, sauran kuma mafi yawa kabon dayoksaid. Metan tana kama wuta, kuma a cikin shekara 100 ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid sau 28 ko kusa da haka.

Haɗarinta ya fito fili tun kafin amfaninta ya yaɗu. A 1986 gas daga wata bola ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tarwatsa wani gida a Loscoe, Ingila. A 1993 fashewar metan a jujin Umraniye da ke Istanbul ta zubo da tarin shara kan gidaje, mutum 39 suka rasu.

Kafin a tara iskar, sai an rufe bolar da yumɓu ko leda mai kauri. Daga nan a haƙa rijiyoyi cikin sharar, a zura bututu mai huji-huji, a kewaye shi da tsakuwa, wani inji kuma ya riƙa zuƙo iskar zuwa wuri ɗaya. Zuƙar tana buƙatar lura, domin idan ta yi yawa iskar waje za ta shiga ta hana bakteriyar aiki, har sharar ta kama wuta daga ciki. Ana cire danshi da sinadarin silokzen, wanda ke fitowa daga man shafawa da sabulun wanke gashi. Idan ya ƙone a cikin inji yakan bar ɓawo mai tauri da ke cinye ƙarafa. Iskar da aka tace ana ƙona ta a cikin injin da ke juya janareta, a samu lantarki. Wadda ta yi saura ana ƙona ta a bakin dogon bututu, kuma ko wannan ƙonawar riba ce ga yanayi, domin tana mayar da metan zuwa kabon dayoksaid.

Jujin Puente Hills kusa da Los Angeles a Amurka, wanda aka rufe a 2013, ya samar da kusan megawat 50. A Afirka, birnin Durban na Afirka ta Kudu ne ya fara, da jujin Mariannhill mai megawat 1 da na Bisasar Road mai megawat 6.5, a ƙarƙashin tsarin cinikin rage hayaƙi na yarjejeniyar Kyoto, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi.

Dabarar ba ta kama duka iskar, wani kaso yana zurarewa ta tsagogin murfin. Bola buɗaɗɗiya kuwa, irin ta Olusosun a Legas da ta kama da gobara a 2018, tana da wuyar sha'ani, don babu murfin da zai riƙe iskar har a zuƙo ta. Bayan an rufe juji, gas ɗin yakan ci gaba da fita shekaru da dama, yana raguwa a hankali, shi ya sa ake rage yawan injinan da ke aiki lokaci bayan lokaci.